Masu Tsayar da Bidiyo a Kan Ƙafarsa

Idon kyamarar da ke cikin wayarka a kwance yake. Ƙwayar nan da ke karɓar haske faɗinta ya fi tsayinta, kuma masu ƙera waya suna dasa ta ne dogon gefenta ya bi dogon gefen wayar. Saboda haka duk lokacin da ka riƙe waya a tsaye kana ɗaukar ɗaurin aure ko wasan yara, abin da ƙwayar take gani mutane ne a gicciye, kawunansu na fuskantar gefe. Idan ka buɗe bidiyon ka tarar da kowa a tsaye, to wani mai rubuta manhaja ne ya zauna ya yi lissafi. Ina ganin girman wannan aiki ƙwarai, domin in ya yi daidai babu wanda zai san an yi shi, in kuwa ya kuskure kowa zai karkace wuya yana tsaki.

Ɗan koyo yakan fara da abin da idonsa ke gani. Ya buɗe kyamara a manhajarsa, ya ga hoto a karkace a fuskar waya, ya juya shi da umarni guda, ya miƙe, sai ya yi hamdala. Ya ɗauki bidiyo, ya tura wa abokinsa, abokin ya ce ai a kwance ya iso. Abin da ya faru shi ne hanya biyu ce ke fita daga kyamara: ɗaya ta nufi fuskar waya, ɗaya ta nufi fayil. A tsohon tsarin kyamarar Android, umarnin setDisplayOrientation ta farko kaɗai yake gyarawa. Ta biyu tana da nata, setOrientationHint, wanda ya shigo tun Android 2.3 a 2010, kuma dole a ba da shi kafin a shirya na'urar ɗauka. Lamba huɗu kawai yake karɓa: 0, 90, 180 ko 270.

Abin da ya fi burge ni shi ne wannan umarni ba ya juya ko hoto ɗaya. Bidiyon yana shiga fayil a kwance yadda ƙwayar ta gan shi. Sai dai a cikin bayanan fayil ɗin MP4 akwai wani ɗan jadawali mai lambobi tara, gadon tsarin QuickTime na kamfanin Apple, inda ake rubuta wa duk manhajar da za ta kunna bidiyon cewa ta juya shi digiri kaza. Kamar kibiyar da ake zanawa a jikin kwalin firij ne don 'yan dako su san inda ya kamata ya kalli sama. Dabara ce mai kyau, domin juya hotuna talatin a kowace daƙiƙa aiki ne da ke cin batir yana ɗumama waya, rubuta lambobi tara kuwa ba ya cin komai.

To wace lamba za a rubuta? Nan gwani yake rabuwa da mai kame-kame. Da farko yakan tambayi wayar kanta yadda aka dasa mata ido. A yawancin wayoyin Android amsar 90 ce ga kyamarar baya, 270 ga ta gaba. Sannan ya nemi sanin yadda mai waya ya riƙe ta a daidai lokacin da ya danna maɓallin ɗauka. Fuskar waya ba abin dogaro ba ce a nan, domin mutane da yawa suna kulle juyawarta, wasu manhajojin ma a tsaye aka gina su, ko ka kwantar da waya za su ce a tsaye take. Gwani yana sauraron 'yar na'urar nan da ke jin jan ƙasa, wadda ke ba shi karkatar waya daga digiri 0 zuwa 359, sai ya mayar da lambar zuwa mafi kusa a cikin huɗun nan. Ga kyamarar baya, ya haɗa lambobin biyu, in sun kai 360 ya zubar da 360. Waya a tsaye: 90 da 0, a rubuta 90. An kwantar da ita gefen dama na sama: 90 da 270, ya koma 0, babu abin juyawa.

Kyamarar gaba kuwa tarko ce. Tunda kai take kallo, juyin da waya ta yi akasinsa take gani, don haka ragewa ake yi maimakon haɗawa. Wanda ya manta da wannan zai gwada a tsaye ya ga lafiya lau, domin ƙara sifiri da rage sifiri duk ɗaya ne. Sai ranar da wani ya kwantar da waya ya ɗauki kansa, bidiyon ya fito kai ƙasa ƙafa sama. Ga kuma batun madubi: hoton da kake gani a fuska an juya shi hagu zuwa dama don ka ji daɗin kallon kanka, amma fayil bisa al'ada ba a juya shi, don rubutun da ke jikin rigarka ya karantu.

Akwai kuma lokacin da aka shimfiɗa waya tana kallon ƙasa, ana ɗaukar takarda ko kwanon abinci. A nan na'urar ba ta iya bambance gefe, sai ta ce ba ta sani ba. Mai hankali yakan riƙe amsar ƙarshe da ya samu ya yi aiki da ita.

Dalilin da ya sa ake tambayar waya maimakon a rubuta 90 a wuce ya bayyana a 2015, lokacin da Nexus 5X, wadda LG ya ƙera wa Google, ta fito da idon baya a kife, wato 270, saboda ƙarancin wuri a cikin wayar. Dokokin Android sun yarda da hakan, amma manhajoji da dama da suka ɗauka kowace waya 90 ce sai suka riƙa nuna duniya a kife. Waɗanda suka bi ƙa'ida tun farko ba su taɓa ko layi ɗaya ba. Daga baya Google ya kawo wa masu rubuta manhaja wani kayan aikin kyamara mai suna CameraX, Apple kuma ya ƙara wani mai kula da juyi a iOS 17 a 2023, duk don rage wannan nauyi, amma wanda bai fahimci lissafin ba yakan rasa inda zai duba idan abu ya ɓaci.

Sauran hukuncin na mai aikin ne. Ba kowace manhajar kunna bidiyo ke karanta kibiyar ba, haka wasu wuraren da ake loda bidiyo su sake matse shi. Idan ya san inda bidiyon zai je ba a karantawa, sai ya yarda ya biya farashi, ya juya hotunan da gaske ya sake rubuta su. Idan kuwa lambar ce kawai aka rubuta ba daidai ba, da manhajar ffmpeg zai canza ta cikin ƙiftawar ido ba tare da ya taɓa ingancin hoton ba. Kuma tunda lamba ɗaya ce ga dukan bidiyon, wanda ya fara ɗauka a tsaye ya kwantar a tsakiya ba shi da magani sai yanka. Kafin gwani ya saki manhaja, sai ya yi ɗauka takwas a kowace waya, kyamara biyu a riƙo huɗu, a Samsung da Tecno da duk wadda hannunsa ya kai gare ta, ya kunna kowanne a waya da kwamfuta da burauza.