Baƙo Mai Kuɗi a Ƙauyen Faransa

Littafin Peter Mayle mai suna A Year in Provence ya fito a 1989, kuma har yau duk wanda ya sayi tsohon gida a ƙauyen wata ƙasa, ya zauna rubuta labarin gyaransa, sawun Mayle yake takawa ko ya sani ko bai sani ba. Baturen Ingila ne da ya daɗe a harkar talla, sai shi da matarsa suka tattara nasu ya nasu suka koma kudancin Faransa, kusa da ƙauyen Ménerbes. Can suka sayi gidan gona na dutse mai kimanin shekara 200. Babi 12 ne littafin, kowane wata da babinsa.

Daɗin karatu kam akwai shi. Tun a Janairu iskar hunturun yankin, wadda suke kira mistral, ta daskarar da ruwa har bututun gidan suka fashe. Magina suka zo da zafinsu, suka rushe ɗakin girki, sannan suka yi ɓatan dabo, suka bar injin kwaɓa siminti a ƙofar gida kamar jingina. Duk wanda ya taɓa ba magini kafin alƙalami, aka ce masa "gobe da sassafe", zai yi dariya a nan, dariyar da ke da ɗan ɗaci.

Sai dai da na sake karanta shi, wani abu ya tsaya mini a wuya. Ana yabon littafin da cewa labari ne na baƙon da ya koyi haƙuri, ya bi al'adar masu gari. To, wane irin haƙuri? In magina sun ƙi zuwa, Mayle da matarsa su shiga mota su tafi gidan abinci, mu kuma mu sha shafi biyu na bayanin abin da aka ci. Jinkirin bai hana shi barci ba, bai jefa shi bashi ba, labari ma ya samar masa. Haƙurin mai ƙoshi ne. Gonar inabin da ke jikin gidan kuwa maƙwabcinsa ke nomawa bisa tsohon tsarin raba riba: mai gona ya sa jari ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku, manomi ya ɗauki biyu. Nan ne ainihin rayuwar ƙauyen take, amma marubucin ya taɓa ta sama-sama ya wuce. Mutanen garin sun fi fitowa a matsayin 'yan wasan ban dariya: mai gyaran famfo mai dogon lacca, maƙwabcin da ke koyar da yadda ake dafa dila. Muna jin maganarsu, ba ma jin damuwarsu. Yadda farashin gidaje ke tashi idan baƙi masu kuɗi suka yi yawa, da inda 'ya'yan manoman za su zauna, ba su sami ko rabin filin da aka ba cuku da man zaitun ba.

Wuri ɗaya na yarda baƙin sun fahimci garin da gaske, kuma dabarar matar ce. A Disamba, aiki ya ƙi ƙarewa, sai ta gayyaci maginan walimar kammala gida, kowa da matarsa. Ba wanda ke son matarsa ta ga nasa aikin ne ya rage. Cikin 'yan kwanaki suka dawo suka gama. Kunya ta yi abin da roƙo da waya suka kasa. Da littafin ya sami irin wannan guda biyar, da ban yi ƙorafi ba.

Abin da ya biyo baya ya fi littafin kansa ban sha'awa. Ya sayu miliyoyi, BBC ta mayar da shi fim mai dogon zango a 1993, masu yawon buɗe ido suka yi ta tururuwa har ƙofar gidan Mayle suna neman sa hannunsa. Mutumin da ya tallata shirun ƙauyen sai ga shi ya sayar da gidan ya tsere Long Island a Amurka. Bayan wasu shekaru ya dawo Provence, amma wani ƙauyen daban ya zauna, kuma a yankin ya rasu a 2018.