Diwali: Dare Ɗaya, Labarai Daban-daban

Mai kallon finafinan Indiya a Kano ko Maraɗi ya san Diwali yadda kyamara ke nuna shi: fitilun yumɓu jere a bakin ƙofa, wasan wuta, sai a ɓarke da rawa. Abin da fim bai cika faɗa ba shi ne, masu kunna fitilun nan ba abu guda suke tunawa ba.

A arewacin Indiya, mabiya Hindu murna suke yi da dawowar Rama garin Ayodhya bayan shekara 14 a daji. A Tamil Nadu kuwa tun kafin asuba ake shafe jiki da mai a yi wanka, don tuna galabar Krishna a kan Narakasura. Mutanen Bengal Kali suke bauta wa a daren, 'yan kasuwar Gujarat kuma su buɗe sabbin littattafan lissafi da sunan Lakshmi, wadda suke danganta arziki da ita. Duk wannan fa cikin addini ɗaya ne.

Mabiya Jain na tuna ranar da jagoransu Mahavira ya bar duniya. Amma a ganina labarin mabiya Sikh ya fi armashi. A farkon ƙarni na 17 Sarki Jahangir ya tsare jagoransu na shida, Guru Hargobind, a kurkukun Gwalior. Da aka ce ya tafi, sai ya kafe ba zai fita ba sai da sarakuna 52 da ke ɗaure tare da shi. An ruwaito cewa sarki ya ce duk wanda ya iya kama rigar Hargobind ya bi shi, shi kuwa ya sa aka ɗinka masa riga mai igiyoyi 52. Fitilun da ke haskaka babban wurin ibadarsu na Amritsar, na 'yantar da fursunoni ne, ba na Rama ba.

To, a nan gizo ke saƙar. Tun 2017 gwamnatin jihar Uttar Pradesh ke shirya gagarumin bikin fitilu a Ayodhya, kowace shekara ana neman kafa tarihi da yawansu. A Ayodhyar nan ne aka rusa Masallacin Babri a 1992, aka buɗe haikalin Rama a filinsa a 2024. Da hukuma ta ɗauki labarin yanki guda ta mai da shi fuskar ƙasa, sauran labaran sai suka koma 'yan rakiya. Musulmi kuma, waɗanda ƙidayar 2011 ta ce sun kai kashi 14.2 cikin ɗari na al'ummar Indiya, da yawansu sun saba karɓar alawar maƙwabta a Diwali su rama da Sallah. Wannan zumunci na unguwa ne, kuma ba shi ake haskawa a bakin kogin Sarayu na Ayodhya ba.