Hawayen Maraya da Motar Alhaji: Tsokaci Kan Yadda Littattafanmu Ke Ceton Yaron da Aka Zalunta

Duk wanda ya saba bibiyar ƙagaggun labaran Hausa, tun daga na kasuwar Kano har zuwa waɗanda ake karantawa ta wayar hannu a yau, ya san akwai wata tauraruwa da ba ta tsufa. Ita ce yarinyar da uwarta ta rasu ko aka sake ta, ta faɗa hannun kishiyar uwa ko uwar riƙo. Ita ce mai wanke-wanke da asuba cikin hunturu, ita ce mai talla har dare, in ta dawo da ragowar kaya ta sha bulala ta kwana da yunwa. Marubutanmu sun ƙware wajen zana wannan hoto, har mai karatu ya zubar da ƙwalla. Ƙorafina yana wurare biyu ne: yadda ake ceto yarinyar, da kuma inda ake dasa aya.

Mu fara da ceton. A mafi yawan irin waɗannan littattafai, bayan an shafe shafi ɗari ana gana wa yarinya azaba, sai kwatsam wata rana tana tsallaka titi da farantin talla motar wani Alhaji ta buge ta. Alhajin ya kai ta asibiti, ya tafi da ita gidansa, ya sa ta a makaranta, daga ƙarshe ɗansa da ya dawo daga Ingila ya aure ta. Tambaya a nan ita ce, ina maƙwabta suke duk tsawon wannan lokaci? Ina mai unguwa, ina liman, ina malamar ajinsu da ke ganin shatar bulala a wuyanta? Ina kawunnanta da gwaggwanninta? Marubucin ya kwashe unguwa kaf ya ɓoye, domin ya samu filin shigo da motar Alhaji.

Wani zai ce ai labari ne, nishaɗi ne. To amma mu tuna su wa ke karanta mu. A binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014 da tallafin UNICEF, an gano cewa kusan yara 6 cikin 10 a Nijeriya sun gamu da wani nau'in cin zarafi kafin su cika shekara 18, kuma waɗanda suka sami taimako a cikinsu ba su kai 5 cikin 100 ba. Wato ke nan cikin 'yan matan da ke karanta littafinka a ɓoye bayan sallar isha akwai wadda labarinta ne kake bayarwa. Me ka koya mata? Ka koya mata ta yi haƙuri ta jira mota. Maƙwabciyar da ke jin kukan ta katanga kuwa, ka nuna mata cewa ba ta da gurbi a cikin labarin.

Ba haka magabata suka yi ba. A littafin Wa Zai Auri Jahila? na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, an cire Abu daga makaranta, an aurar da ita tana ƙarama ga dattijo Sarkin Noma. Da wuya ta kai wuya sai ta gudu da ƙafarta zuwa wurin wata 'yar'uwar iyayenta a Kano, kuma daga wannan gida ne ta koma karatu har ta zama mutum. Abin lura shi ne ceton ya fito daga cikin dangi, kuma yarinyar da kanta ta nemi ƙofar. Yarinyar da ke cikin irin wannan hali in ta karanta, tana iya zama ta lissafa danginta ɗaya bayan ɗaya, ta ga wa zai buɗe mata ƙofa. Wannan shi ne bambancin labarin da ke sa kuka kawai da wanda ke nuna hanya.

A yau ma ƙofofin sun ƙaru, sai dai alƙalumanmu ba su kai gare su ba. Nijeriya ta yi dokar kare haƙƙin yara a 2003, Jihar Kano kuma ta sa hannu a kan tata dokar kare yara a 2023. Akwai sashen jin daɗin jama'a a ƙananan hukumomi, akwai ma'aikatar mata, akwai Hukumar Hisba, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, akwai ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, akwai NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane, wadda batun yaran da ake kaiwa aikatau ya shafa. A Kano an kafa cibiyar Waraka a asibitin Murtala domin waɗanda aka yi wa fyaɗe. Ba ina cewa marubuci ya mayar da littafinsa takardar sanarwar gwamnati ba ne. Cewa nake yi a cikin waɗannan wurare akwai labari mai ɗaukar hankali wanda ya fi haɗarin mota nesa ba kusa ba. Ɗauki maƙwabciyar da ta kwana tana shawara da zuciyarta, ta faɗa ko ta yi shiru, alhali mai dukan aminiyarta ce. Ɗauki mai unguwar da mai laifin surukinsa ne. Ɗauki uwar da aka gaya wa cewa maganin rigakafin ƙanjamau ba ya aiki sai an fara shi cikin awa 72, ga kuma dangi sun tsare ƙofa suna cewa a rufa asiri. Wace rigimar kishiyoyi ce ta kai wannan zafi?

A nan ne ma ya kamata marubuci ya yi hattara da kalmar sulhu. Sulhu alheri ne a rikicin gado ko na iyakar gona. Amma sau nawa muka karanta an tara dattawa a zaure, mai laifi ya ce sharrin Shaiɗan ne, aka shafa fatiha, aka mayar da yarinya ɗakin da ta fito? Idan marubuci ya rubuta wannan a matsayin kyakkyawan ƙarshe, to ya sa hannu a cikin zaluncin. In zai rubuta shi, ya bi yarinyar zuwa cikin ɗakin a daren, mai karatu ya ga abin da sulhun ya haifar.

Sai wuri na biyu, wato inda ake dasa aya. Littattafanmu suna ƙarewa ranar ɗaurin aure, kamar dai ɗaura aure yana goge tabon shekara goma. Ba mu cika ganin tauraruwar ta haihu ba, ɗanta ya fasa kwano, ta ji hannunta ya ɗaga da kansa, ta ji muryar uwar riƙonta tana fita daga bakinta. Haka kuma ba mu taɓa tambayar kishiyar uwar nan wa ya rene ta ba. Mun halicce ta muguwa tun daga shafin farko, kamar daga sama ta faɗo. Alhali ruwa ba ya tsami banza. Sau da yawa mai dukan nan ita ma 'yar riƙo ce jiya, kuma abin da take cewa a ranta shi ne, ni ma haka aka yi mini, ga ni ban mutu ba. Wannan jimla ita ce igiyar da ke ɗaure kaka da jika, kuma ita ce ya kamata adabi ya tsinka.

Tun cikin shekarun 1930 littafin Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East ya taɓo wannan jigo. Abubakar ya rasa Zainab saboda dukiyar Malam Shaihu, sai ya huce haushinsa a kan ɗan da suka haifa, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Yaron ya tashi ɓarawo, har ya kai ga kashe mahaifinsa bai sani ba. Marubutan sun gane cewa cutar da manya suka shuka a jikin yaro ba ta tsayawa a kansa, tana juyowa ta ci gidan duka. Abin da ya rage mana shi ne mu ɗora daga inda suka tsaya, mu nuna yadda ake katse abin.

Kuma ana katse shi. Ba duk wanda aka zalunta yana yaro ne yake zama azzalumi ba, da yawa sun tashi sun zama iyaye masu tausayi. In ka bi tarihinsu, galibi za ka taras akwai wani babba guda ɗaya da ya tsaya musu, ko kaka, ko malamin makaranta, ko matar maƙwabci, wanda ya gaya musu cewa abin da ake yi musu ba tarbiyya ba ce. Wannan mutum shi ne tauraron da adabinmu ya manta da shi. Lokacin da 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna a 2019, aka fito da mutane fiye da 300, da yawansu yara, wasu da sasari a ƙafa, da yawa daga cikinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu da sunan gyaran hali. Marubucin da ya iya shiga zuciyar uba ɗaya daga cikin waɗannan iyaye, ya nuna mana ƙuruciyarsa, ya yi wa al'umma aikin da wa'azi ɗari bai yi ba.

Shawarata ga 'yan'uwa, musamman masu tasowa, ita ce kafin ka rubuta babin ceto, ka taka ka je ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukumarku, ka zauna a kotu ka saurara, ka tambayi mai unguwarku irin ƙararrakin da ake kawo masa. Sannan in ka zo babin ƙarshe, kada ka rufe littafin a bakin ƙofar amarya. Ƙara babi ɗaya, bayan shekara bakwai, ranar da ɗanta ya fasa kwano, mu ga abin da za ta yi da hannun da ta ɗaga.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah Ya yi wa alƙalumanmu albarka, Ya kare mana zuriya.