Mo Ibrahim da Layin 0802: Bitar Labarin da Ya Bayar da Bakinsa

Wanda ya riƙe layin 0802 tun 2001 ya ga sunaye iri-iri a fuskar wayarsa: Econet, Vmobile, Celtel, Zain, sannan Airtel daga 2010. A cikin waɗannan sunaye, Celtel ne ke ɗauke da labarin da ya kamata mutanenmu su sani, kuma wanda ya kafa kamfanin, Mo Ibrahim, ya ba da shi da kansa a wata maƙala da mujallar Harvard Business Review ta buga a watan Oktoba na 2012. 'Yan shafuka ne kawai, amma sun fi wasu manyan littattafan tarihin attajirai nama.

An haifi Mo Ibrahim a Sudan a 1946, ya yi karatun injiniya a Iskandariyya, ya ƙaro a Ingila, ya yi aiki da kamfanin British Telecom, sannan ya buɗe nasa kamfanin ba da shawara a 1989. Bai ɓata lokaci a kan wannan a maƙalar ba, kuma ya kyauta. Inda maƙalar ta yi armashi shi ne inda yake ba da labarin yadda ya riƙa roƙon manyan kamfanonin Turai su zo Afirka suna noƙewa. Wani ma ya kawo masa hujja da Idi Amin, mutumin da ya bar mulkin Yuganda tun 1979. Da ya ga haka, a 1998 ya shiga da kansa.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai mayar da kansa gwarzon tatsuniya ba. Aikin da ya bayyana na gumi ne: kafa turakun sadarwa inda babu wuta, a kai janareta da mai, wani wurin ma a gyara hanya kafin kaya su isa. Ga kuma katin waya na 'yan kuɗi kaɗan, wanda ya sa talakan da ba shi da asusun banki ya mallaki layi. Sai batun cin hanci, wanda ya yi wa dabara mai sauƙi: duk kuɗin da ya haura dala 30,000 ba ya fita sai da amincewar kwamitin daraktoci. Idan jami'i ya miƙo hannu, manaja yana da amsa, abin ya fi ƙarfinsa. Duk wanda ya taɓa bin takarda daga ofis zuwa ofis ya san darajar wannan katanga. A 2005 aka sayar da Celtel ga kamfanin MTC na Kuwait a kan dala biliyan 3.4.

Sai dai mai ba da labarin kansa yana tsaye ne a inda yake, daga can yake hange. Mai sayen katin ba ya magana a maƙalar. Ni kuwa shi nake son ji. A karkarar Bichi, Dawakin Tofa, Minjibir da Ɗambatta, inda gona ke manne da gona kuma ba a barin ƙasa ta huta, noma kaɗai ba ya riƙe gida. Sai an haɗa da fatauci, da kiwo, da cin rani. A nan ne waya ta yi aikinta. Magidanci ya kira kasuwar Dawanau ya ji farashin wake ko riɗi kafin ya ɗora buhu a mota, dillali ya rage yi masa rufa-rufa. Ɗan da ke Legas ya ji muryar mahaifiyarsa ba tare da jiran mai zuwa gida ba. Ba zato ba ne: binciken Jenny Aker a kasuwannin hatsi na Nijar, daga 2001 zuwa 2006, ya nuna shigowar wayar salula ta rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari.

Haka kuma Nijeriya ba ta samu gurbin da ya dace da girmanta a maƙalar ba, ko da yake da dalili: Celtel ta sayi Vmobile ne a 2006, bayan an riga an sayar da Celtel ɗin. Masu buɗe fagen a nan su ne Econet da MTN, sai Glo da ta kawo cajin daƙiƙa a 2003.

Gidauniyar da Mo Ibrahim ya kafa a 2006 don kyakkyawan shugabanci, wadda ta ba Mahamadou Issoufou na Nijar kyautarta ta 2020, ta fi Celtel suna a yau. Maƙalar ta sa na fahimci daga inda gidauniyar ta taso: mutum ne da ya yi shekaru yana neman lasisi a hannun gwamnatoci, ya ga inda ake gyara da inda ake ɓarna. Ya kamata a mayar da maƙalar Hausa, a karanta a rediyo, a buɗe layi manoman Kunci da Makoɗa su faɗi nasu ɓangaren.