GANDUN DABBOBI: LITTAFI DABAN, FIM DABAN

Sau da yawa za ki ji mace ta ce, "Ai na kalli fim ɗin, me zan yi da littafin?" To, 'yar uwa, kama da wane ba ta wane. Bari mu gwada da labari ɗaya.

A 1945 wani Baturen Ingila, George Orwell, ya fitar da littafinsa Animal Farm, wanda Bala Abdullahi Funtuwa ya mayar Hausa a 1975 da sunan Gandun Dabbobi. Dabbobi ne suka gaji da zaluncin mai gandu suka kore shi, suka rubuta dokoki bakwai a bango. Sannu a hankali aladu suka naɗe mulki, suka koma kwana a kan gado, suna sayar da ƙwan kaji. Da kajin suka yi bore aka hana su hatsi har tara suka mutu. Duk macen da ke kiwo a Gidan Katta ko Illela ta san zafin wannan.

A 1954 aka yi fim ɗinsa na zane a Ingila. Gaskiya fim ɗin ya yi ƙoƙari. Wurin da ake tafiya da doki mai aiki tuƙuru a motar mahauta, abokinsa jaki na bin motar yana kuka, sai mai taurin zuciya zai kalla bai ji komai ba.

Amma duba ƙarshe. A littafi, dabbobi sun leƙa ta taga sun ga aladu da mutane suna karta, har ba su iya bambanta fuskar alade da ta mutum. Shi ke nan, ba ceto. A fim kuwa jaki ya tara dabbobi suka afka wa gidan, suka kifar da aladu. Daga baya ta bayyana cewa hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta zuba kuɗi a fim ɗin saboda yaƙin cacar baki da Rasha. Orwell ya rasu tun 1950, ba bakin magana. Wanda ya biya makaɗi shi ake yi wa kiɗa.

Babbar asarar ma ba nan take ba. A littafi akwai wata goɗiya mai halin uwa wadda ba ta iya haɗa baƙi. Duk lokacin da aladu suka sauya doka da dare, zuciyarta na gaya mata ba haka take ba jiya. Sai ta kira akuya ta karanta mata, ta ƙare da zargin kanta da mantuwa. Fim ya mayar da ita 'yar rakiya. Alhali ita ce zuciyar labarin: ba karnuka kaɗai suka riƙe wa aladu mulki ba, har da rashin karatu.

Shi ya sa nake ganin littafin ya fi. Fim ya share miki hawaye ya ce ki kwanta, wani zai zo ya yi gyara. Littafi ya hana ki barci, yana tambayarki: ke kin iya karanta abin da ke bango?

Ki kalli fim, ba laifi. Amma ki nemi littafin, kuma ki bar 'yarki ta gama makaranta kafin wani ya riƙa karanta mata takardar gadonta. Allah Ya sa mu dace, amin.