Kallo daga bayan shinge: sharhi a kan bidiyon jiragen sama

Duk wanda ya tashi a garin da ke da filin jirgi ya san yadda yara ke yada wasa su ɗaga kai da zarar sun ji rugugi a sararin samaniya. Wannan ɗabi'a ba ta barin mutum don ya girma, mazauni kawai take sakewa. A yau ta tare cikin wayar salula, inda ake samun dubban bidiyoyi waɗanda babu komai cikinsu sai jirgi yana tashi ko yana sauka. Ba labari, ba jarumi, sau tari ko kiɗa babu. Masu ɗaukarsu kan tsaya bayan shingen filin jirgi tun da asuba, suna dakon wani jirgi guda. Na daɗe ina kallon aikinsu, har na ga ya cancanci a yi masa sharhi kamar yadda ake yi wa fim ko wasan kwaikwayo, a faɗi abin da ya iya, a kuma faɗi abin da ya kau da kai daga gare shi.

Mu fara da yabo, domin akwai abin yabawa. Babbar baiwar waɗannan bidiyoyi ita ce haƙuri. A ɗauki na tsohon jirgin nan DC-3, wanda ya fara tashi a watan Disamba na 1935, kuma har yanzu akwai ƴan tsirarinsa da ke aiki. Gwanin mai ɗauka ba ya gaggawa. Zai bar ka ka ga farfela ta juya a hankali, ta yi kamar za ta tsaya, injin ya yi tari, ya fesar da hayaƙi, sa'an nan silinda 14 ɗin nan su kama ɗaya bayan ɗaya har muryarsu ta haɗu. Minti uku ko huɗu ke nan babu abin da ya faru, in ji mai gajen haƙuri, alhali kuwa a cikinsu ne kunne ke koyon bambanta lafiyayyen inji da mai ciwo, kamar yadda tsohon direban babbar mota ke ganewa tun daga nesa. Malamin da ke fama da koyar da yara yadda ake lura da abu zai sami abin aro a nan.

Haka kuma ido yana ƙaruwa da ilimi. Wanda ya kalli Concorde tana sauka, ya ga hancinta ya sunkuya kamar na zalɓe, dole ya tambayi dalili. Dalilin kuwa shi ne fikafikanta masu kusurwa uku, waɗanda aka ƙera domin gudun da ya ninka saurin sauti sau biyu, ba sa riƙe ta a ƙaramin gudu sai ta ɗaga ƙirji sosai. In ba a sunkuyar da hancin ba, matuƙi ba zai hangi titin sauka ba. Ashe abin da muka ɗauka ado ne, larura ce ta haife shi. Guda 20 kacal aka ƙera, ta fara ɗaukar fasinja a 1976, aka ajiye ta a 2003, amma a intanet kullum tashi take, sai ka ce ba ta taɓa tsufa ba.

To, a daidai nan ne nake da ja. Jirgin da ke cikin waɗannan bidiyoyi jirgi ne wanda ba kowa a cikinsa. Tagoginsa ƴan ɗigo ne baƙaƙe a jere. Ba a tambayar wa ke ciki, ina za shi, wa ya baro a gida. Masoyan wannan fanni suna ji da tsofaffin hotunan filin Kai Tak na Hong Kong, wanda aka rufe a 1998, inda manyan jiragen Boeing 747 ke karya kwana a saman rufin gidaje gab da sauka. A watan Fabrairu na 2022 kuma, lokacin da guguwar Eunice ta afka wa Ingila, mutane fiye da dubu 200 suka zauna a lokaci ɗaya suna kallon jirage kai tsaye suna kokawa da iska a filin Heathrow, mai gabatarwa yana ihu kamar a filin ƙwallo. Ban ce kowa cikinsu yana fatan mugun abu ba. Sai dai ina ganin wanda ya taɓa raka mahaifiyarsa filin jirgi za ta aikin hajji, ya tsaya har jirgin ya ɓace masa, ba zai iya yin wannan ihu da zuciya ɗaya ba.

Ba fasinja kaɗai ake sharewa ba, har da ƙasar da jirgin ya ratsa. Concorde ɗin nan da ake nunawa kullum tsakanin Paris, Landan da New York, ta taɓa keta samaniyar Nijar. Ranar 30 ga Yuni 1973 aka yi husufin rana mai tsawo a kan Sahara. Samfurin farko na jirgin, wanda André Turcat ke tuƙawa, ya taso daga tsibiran Kanari ɗauke da masana taurari, ya shiga inuwar wata ya yi ta bin ta da gudu, har suka sami minti 74 cikin cikakken duhu, alhali mutumin da ke ƙasa iyakarsa minti bakwai da ƴan daƙiƙu. A Fort-Lamy ya sauka, wato Njamena ta yau. Wannan labari ya fi saukar Heathrow ɗari daɗi, amma sai mai nema ke tarar da shi, domin wanda ke riƙe da kyamara shi ke zaɓen inda duniya ta fara da inda ta ƙare.

Sai kuma DC-10, wanda masu sha'awa ke ƙauna saboda injinsa na uku da aka dasa a gindin wutsiya. A wurinsu siffa ce mai ban sha'awa da ta ƙaura daga jigilar fasinja. A wurinmu kuwa suna ne mai nauyi biyu. Na farko, yana cikin jiragen Air Afrique, kamfanin da ƙasashe 11, har da Nijar, suka kafa a Yawunde a 1961, ya durƙushe a 2002. In ka ci karo da wani guntun hoto na jirginsa mai ratsin kore, za a gaya maka lambar jirgin da shekarar ƙirarsa, ba za a ce komai ba game da ɗaliban da ya kai karatu Turai, ko ma'aikatan da suka wayi gari ba aiki, ko yadda ƙasashen da suka haɗa hannu suka kasa riƙe abin da suka haɗu a kansa. Wannan aiki namu ne, ba na mai tsayuwa a shingen filin Paris ba, kuma ƙungiyoyin al'adu za su iya somawa da tattara hotuna da bakin tsofaffin ma'aikata tun suna raye.

Nauyi na biyu ya fi na farko. Ranar 19 ga Satumba 1989 wani DC-10 na kamfanin UTA, wanda ya taso daga Barazabil ya yada zango a Njamena a kan hanyarsa ta zuwa Paris, ya tarwatse a saman Tenere sakamakon bam da aka saka cikin kaya. Mutum 170 ne a ciki, babu wanda ya tsira. A 1999 wata kotu a Paris ta yanke wa ƴan Libiya shida hukunci a bayan idonsu. A 2007 iyalan mamatan suka koma hamadar, tare da mutanen yankin suka jera baƙaƙen duwatsu a kan rairayi, suka fitar da siffar jirgin a tsakiyar wani babban da'ira, suka kewaye shi da fasassun madubai 170, ɗaya ga kowane rai. A gefe suka kafa fiffiken jirgin a tsaye, da allon sunaye a jikinsa. Babu shingen da za a tsaya a ɗauki wannan jirgi; daga sama ake ganinsa, a hotunan tauraron ɗan Adam, ko ta tagar wani jirgin da ke wucewa, in fasinjan ya san inda zai duba.