Funfuna da Gyaran Tsofaffin Zane-zanen Fentin Mai

Lokacin da nake aikin gwamnati na ga zanen wani basarake da funfuna ta ci, aka ba mai rubutun allon talla ya rufe tabon da sabon fenti. A ganina wannan ɓarna ce. Funfuna takan faro daga bayan ƙyallen, tana cin gam ɗin fatar dabba da aka shafa kafin zane, musamman idan danshin iska ya haura kashi 70 cikin 100. Bayan ambaliyar birnin Fulorans na Italiya a 1966, masana sun fara ne da busar da zane-zane sannu a hankali; wani zanen Vasari sai 2016 ya koma mazauninsa. Namu kuwa, bayan damina biyu tabon ya dawo, aikin mai zanen asali kuma ya salwanta.